Talabijin mai araha: Yadda za ku gane ko ya cancanci kuɗinku

A shekarar 1997, lokacin da talabijin mai shafaffen allo ya fara bayyana a kantunan Amurka, ana sayar da mai inci 42 a kan kusan dala 15,000, wato kuɗin sabuwar ƙaramar mota a wancan lokaci. Yau a ƙasar ana samun wanda ya ɗan fi shi girma, mai inci 43, a kan abin da bai kai dala 250 ba.

Wannan faɗuwar farashi ce ta shigar da talabijin ɗin bango, kamar yadda mutane da dama ke kiransa, ɗakunan haya na Bronx a New York, da gidajen Nima a Accra da Aboabo a Kumasi, da unguwar Briqueterie a Yaounde. Ya shiga cikin kayan ɗakin amarya, ya kuma zama ɗaya daga cikin abubuwan da mazauna ƙetare ke aika wa iyaye ko su riƙo a matsayin tsaraba.

Sai dai mai saye kan tsaya a gaban talabijin biyu masu girma ɗaya, kowanne an rubuta masa 4K da HDR, amma ɗaya ya ninka ɗaya a farashi. Hausawa na cewa araha ba ta ado. A harkar talabijin maganar tana da gyara: akwai mai arahar da zai biya wa gida buƙata shekara da shekaru, akwai kuma wanda zai mutu ya zama adon bango kawai kafin shekara ta zagayo. Abin da ke raba su shi ne abin da kamfanin ya rage domin farashi ya sauko, da kuma ko abin da aka rage ɗin yana cikin abubuwan da gidanku ba zai iya yi babu su ba.

Daga ina arahar ta fito?

Sunan da aka saba da shi a kasuwa, wato "plasma", ya daɗe da rabuwa da ma'anarsa. Panasonic da Samsung da LG duk sun daina ƙera talabijin na plasma a 2014. Kusan duk wani mai araha da ke kanti yanzu nau'in LCD ne, wani siririn gilashi da ke tsara hoto amma ba ya ba da haske da kansa, sai an jera masa ƙananan fitilu a baya. Waɗannan fitilun ne ake kira LED, saboda haka talabijin na LED da na LCD abu ɗaya ne. Shi ma QLED ɗin LCD ne da aka ƙara masa wani shafi mai ƙara wa launi armashi. Wanda ya fita daban shi ne OLED, wanda kowane ɗigo na hotonsa ke haskawa da kansa, shi kuwa ba ya cikin sahun masu araha.

Gilashin ne ya fi komai tsada a jikin talabijin, kuma masu ƙera shi ba su da yawa. Manyansu su ne BOE da CSOT da HKC a China, sai AUO da Innolux a Taiwan. Samsung ya daina ƙera gilashin LCD a 2022, LG kuma ya sayar da masana'antarsa ta birnin Guangzhou ga CSOT, reshen kamfanin TCL, a wani ciniki da aka kammala a 2025. Ke nan talabijin mai sanannen suna da wanda ba ku taɓa jin sunansa ba, mai yiwuwa gilashinsu daga masana'anta ɗaya ya fito.

A irin waɗannan masana'antu, kamar wadda BOE ya buɗe a birnin Hefei a ƙarshen 2017, ana fitar da gilashi falle guda mai tsawon mita 3.37 da faɗin mita 2.94, a yanka shi gida takwas, kowane yanki ya zama allon talabijin mai inci 65. Yawan abin da ake fitarwa ne ya karya farashi, don haka araha ita kaɗai ba shaidar algus ba ce.

Sunan da ke goshin talabijin ma ba kullum yake nuna wanda ya ƙera shi ba. A 2017 Hisense na China ya sanar da sayen sashen talabijin na Toshiba. A Turai kuwa, kamfanin Vestel na Turkiyya ne ke haɗa talabijin masu ɗauke da sunan Toshiba da wasu sunaye da dama a masana'antarsa ta Manisa. Dattijon da ya dage sai an sayo masa "na Japan", saboda wata rediyo da ta yi masa shekara ashirin, mai yiwuwa sunan kawai za a kawo masa. Wannan ba ya nufin kayan ba su da kyau. Yana nufin sai an duba talabijin ɗin kansa, da lambar samfurinsa, ba tarihin sunan ba.

Akwai kuma wata hanyar da ake rage farashi wadda mai saye ba ya gani. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Talabijin mai haɗuwa da intanet yana nuna talla a shafinsa na farko, yana kuma iya tattara bayanan abin da ake kallo. Kamfanin Vizio na Amurka ya kai matsayin da ribar da yake samu daga talla da bayanai ta zarce wadda yake samu daga sayar da talabijin ɗin, kuma a Disamban 2024 Walmart ya kammala sayen kamfanin a kan kimanin dala biliyan 2.3. Tun a 2017 Vizio ya amince ya biya dala miliyan 2.2 bayan hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta zarge shi da tattara bayanan kallo daga talabijin miliyan 11 ba da iznin masu su ba. A ranar da kuka fara kunna sabon talabijin zai jero muku sharuɗɗa ya ce ku amince. Ba dole ne ku amince da dukkansu ba, kuma wanda ya shafi bibiyar kallo ana iya ƙin sa.

Lambobin da ke jikin kwali

Ana auna incin talabijin ne daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta a karkace, kuma allon kawai ake aunawa, ban da bakinsa. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, saboda haka mai inci 32 ya kamata ya ba da kimanin santimita 81, mai 43 ya ba da 109, mai 55 kuma 140. A kasuwar da ba a tabbatar da asalin kaya ba, tef ɗin tela da ke aljihu ya fi rantsuwar mai shago amfani.

Sai yawan ɗigogin da ke haɗuwa su zama hoto. Wanda aka rubuta wa HD Ready yawanci yana da ɗigo 1366 a kwance da 768 a tsaye, wato miliyan ɗaya da ɗan kai. Full HD yana da 1920 da 1080, kimanin miliyan biyu. 4K yana da 3840 da 2160, sama da miliyan takwas. A nan ne mutane suka fi biyan kuɗin abin da ba za su amfana da shi ba. Wanda ke zaune mita uku daga allo mai inci 43, da wuya idonsa ya raba 4K da Full HD. A inci 32, HD ya wadatar ga ɗakin kwana. Daga inci 50 zuwa sama kuwa kusan duk abin da ake ƙerawa yanzu 4K ne, ba sai an zaɓa ba.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce me za a riƙa kallo. Tashoshin da ke zuwa ta dikoda ko ta tauraron ɗan adam akasarinsu HD ne ko ƙasa da haka. Haka ma yawancin finafinan Kannywood masu dogon zango da ke YouTube, da karatuttukan malamai da aka ɗauka shekarun baya. Idan aka ɗora irin wannan hoto a allon 4K, ƙwaƙwalwar talabijin ce ke ƙirƙiro ɗigogin da babu domin ta cike gurbi, kuma ƙwaƙwalwa na daga cikin wuraren da ake tsimi a talabijin mai araha. Shi ya sa tsohon fim kan fito garau a ƙaramin allo, amma ya yi dishi-dishi a ƙaton mai inci 65 da aka saya a farashin rangwame. Wanda kuma ke son kallon 4K na gaske sai ya shirya wa data: Netflix ya ce yana iya cin gigabait 7 a awa ɗaya, alhali HD ba ya wuce 3.

Alamar HDR ita ce ta fi ruɗar mutane. Manufarta shi ne wuri mai haske ya yi haske sosai, mai duhu ya yi duhu, ba tare da abin da ke cikinsu ya ɓace ba. Ana auna hasken allo da wani ma'auni da ake kira nit, kuma finafinan HDR da yawa an tsara su ne a kan nit 1,000. Talabijin masu araha galibi suna tsayawa ne tsakanin 250 da 350. Alamar da ke kwalin tana nufin talabijin ɗin zai iya karanta irin wannan hoto, ba wai zai iya nuna shi yadda aka tsara ba. Wani lokaci ma fim ɗin HDR ya fi fitowa da duhu a kansa fiye da na yau da kullum. Kada ku ƙara ko sisi saboda wannan alama.

Haka batun lambobi irin su 120 ko 240 da ake liƙa wa sunayen talla game da saurin motsi. Allon mai araha yana sabunta hoto sau 50 ko 60 ne a daƙiƙa, kuma hakan ya isa kallon ƙwallo, domin tashoshin ma a haka suke watsa ta.

Fitilun baya: inda aka fi samun matsala

Duk mai gyaran talabijin ya san wannan ƙorafi: sauti yana fita, hoto babu. Idan aka haska allon da tocila a kusa, sai a ga inuwar hoton tana motsi. Gilashin lafiyarsa lau, fitilun bayansa ne suka ƙone. Wannan na daga cikin cututtukan da suka fi kama talabijin na LCD, kuma a nan ne tsimin kamfani ke bayyana. Idan aka sa fitilu kaɗan aka tilasta musu ba da hasken da ya kamata masu yawa su bayar, zafi zai cinye su da wuri. A wasu talabijin an jera su ne a layi ɗaya kamar carbi, idan ɗaya ta mutu sai layin duka ya ɗauke.

Ana jera fitilun ta hanya biyu. Wasu a gefen allo ake sa su, wani faranti na roba ya watsa hasken, wannan ne ke ba da talabijin siriri mai ban sha'awa. Wasu kuma a bayan allon kai tsaye, sai talabijin ya ɗan yi kauri. Shafin gwajin kayan lantarki na RTINGS da ke Kanada ya fara wani gwaji a 2022 inda ya riƙa barin talabijin kusan 100 a kunne na tsawon sa'o'i a kullum, kuma ya gano cewa sirara masu fitilu a gefe sun fi saurin lalacewa, saboda zafi na taruwa wuri ɗaya. Ga mai zama a Makka ko N'Djamena ko Khartoum, inda ɗaki ke ɗaukar zafi tun kafin a kunna komai, mai ɗan kaurin ya fi kwanciyar hankali, ko da bai kai ɗayan kyan gani a bango ba.

Mai talabijin ma yana da abin yi. A kanti ana barin su a kan saitin da ya fi kowanne haske domin su ja ido a ƙarƙashin fitilun shago. Idan aka kai gida, a shiga saiti a rage hasken fitilun baya zuwa daidai buƙatar ɗaki. Yin haka yana rage zafi, ya rage shan wuta, ya kuma ƙara wa fitilun kwana. A bar tazara tsakanin talabijin da bango, kada a rufe ramukan shan iskarsa da ƙyallen ado, a kuma riƙa kakkaɓe su a lokacin hunturu idan ƙura ta yi yawa.

Shi gilashin ma iri biyu ne aka fi samu. Nau'in VA yana ba da baƙi mai zurfi, ya dace da kallon dare, amma launinsa kan koɗe idan aka kalla daga gefe. Nau'in IPS yana riƙe launi ta kowace kusurwa, sai dai baƙinsa kan yi toka-toka a ɗaki mai duhu. Ba kasafai ake rubuta wannan a kwali ba, kuma samfuri ɗaya na iya zuwa da gilashi daban a girma daban. Gane shi ba wuya: ku tsaya a gaban allon, sannan ku matsa gefe taku uku ku ga ko fuskar mutum ta yi fari. Gwauron da ke zaune shi kaɗai a gaban allo ba ruwansa da wannan. Amma a falon da ake taruwa, wasu a kujera, yara a kan darduma, baƙi a bakin ƙofa, wanda ke riƙe launi daga gefe ya fi dacewa.

Sauti da intanet

Sauti shi ne abin da kusan kowane talabijin mai araha ya gaza a kai, domin siririn jiki ba shi da wurin lasifika mai kyau. Ƙananan lasifikoki biyu ne da ke kallon ƙasa. Ku saurari magana, ba kiɗa ba: labarai ko karatu, a ƙara murya a ji ko kalmomi na fita sarai ko jikin talabijin ɗin na karkarwa. Ku duba ko yana da ramin HDMI mai alamar ARC ko wata mafitar sauti, ta yadda za a iya haɗa lasifika daga baya. Ramukan HDMI kuma uku sun fi biyu, domin dikoda kaɗai ta cinye ɗaya.

Ɓangaren intanet ɗin ne ke riga sauran tsufa. Ƙwaƙwalwar ƙarama ce, manhajoji kuma kullum ƙara nauyi suke yi, sai a wayi gari YouTube na ɗaukar lokaci kafin ya buɗe. A ƙarshen 2019 Netflix ya daina aiki a wasu tsofaffin talabijin na Samsung da Vizio, alhali allonsu garau yake. Wannan ba dalilin ƙin saye ba ne, domin ƙaramar na'urar da ake sokawa a ramin HDMI, irin ta Roku ko Amazon ko Google, tana maye gurbin wannan ɓangare a kan kuɗi kaɗan. Allo mai kyau da manhaja mai rauni yana da magani, allo maras kyau ba shi da shi.

Abin lura shi ne bambancin talabijin mai ɗauke da tsarin da aka sani, kamar Google TV ko VIDAA ko webOS ko Tizen, da wanda aka rubuta wa "Android" kawai ba tare da amincewar Google ba. A irin na biyun, manhajojin da ake biya kan ƙi aiki ko su nuna hoto maras inganci. A Yunin 2025 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi game da na'urorin kallo marasa rajista da ake samu ɗauke da muguwar manhaja tun kafin su isa hannun mai saye.

Ƙasar da aka saya da ƙasar da za a kunna

Ga mazauna ƙetare, nan ne riba kan koma asara. Farashin da ake gani a ranar rangwamen Black Friday ta watan Nuwamba a Amurka da Birtaniya, ko Farar Juma'a kamar yadda ake kiranta a Saudiyya, kan sa mutum ya tuna da falon mahaifiyarsa a Tamale ko Garoua ko Zinder. Kafin a biya, a juya bayan talabijin ɗin a karanta 'yar takardar da ke manne.

A Amurka da Kanada ƙarfin wutar gida bolt 120 ne. A Ghana da Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi da Sudan, kamar a Birtaniya, tsakanin 220 ne da 240. Idan takardar ta nuna 100-240V, talabijin ɗin zai yi aiki ko'ina. Idan 120V kaɗai aka rubuta, kuma talabijin da yawa na kasuwar Amurka haka suke, soka shi a soket ɗin Accra ba tare da taransifoma mai rage wuta ba zai iya ƙona shi nan take. Bakin filogi ƙaramar matsala ce: mai ƙafa uku na Birtaniya shi ake amfani da shi a Ghana da Najeriya da Saudiyya, ƙasashe masu amfani da Faransanci kuma sun fi amfani da mai ƙafa biyu zagayayyu irin na Turai.

Na biyu, na'urar kama tashoshi da ke cikinsa. Amurka tana watsa talabijin ta eriya da tsarin ATSC. Birtaniya da Saudiyya da ƙasashen Afirka ta Yamma suna kan tsarin DVB, kuma wanda Ghana da Najeriya da maƙwabtansu suka ɗauka shi ne DVB-T2. Talabijin ɗin Amurka ba zai kama ko tasha ɗaya ta eriya a Kumasi ba. Zai yi aiki da dikoda ta HDMI, amma nan ma da sauran rina a kaba, domin tashoshin yankin a kan 50Hz suke, wasu talabijin na Amurka kuwa 60Hz kawai suka sani. Wanda aka sayo daga Birtaniya ko Jidda ko Dubai bai cika samun wannan matsala ba. Idan gidan da za a kai shi da dish suke kallon tashoshin kyauta, a duba ko an rubuta DVB-S2, wanda ke nufin ba sai an sayi risiba daban ba.

Na uku, garanti kusan kullum yana tsayawa ne a ƙasar da aka yi ciniki. Sannan ga kuɗin dako da na kwastan, ga haɗarin hanya. Allon LCD ba ya son a kwantar da shi ko a danne shi, a tsaye ake ɗaukarsa cikin kwalinsa na asali, kuma idan ya tsage, kuɗin sabon gilashi kan kai ko ya zarce na sabon talabijin. Idan aka tara waɗannan duka, sau da yawa aika kuɗin a saya a wurin dilan kamfani a ƙasar da za a yi amfani da shi ya fi sauƙi, ga rasit da garanti a hannun masu gida. Ba ya da daɗin tsarabar da aka riƙo da hannu, amma idan ya lalace an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Wutar da zai sha

Mai inci 32 yakan sha tsakanin wat 30 da 50, mai inci 55 kuma yana iya kai wa 100 ko ya wuce idan an ƙure haskensa. Ga mai biyan kuɗin wuta a London bambancin ba wani babba ba ne. Ga gidan da ke kan sola da batir ɗaya, ko ƙaramin janareta, shi ne ke yanke hukuncin ko za a kalli wasa har ƙarshe. Awa biyar a wat 40 ya kama wat-awa 200, a wat 100 kuwa 500. Akwai talabijin ƙanana da ke aiki kai tsaye da batir mai bolt 12, waɗanda aka yi domin irin waɗannan gidaje.

A Turai da Birtaniya, takardar shan wuta da aka sabunta a Maris ɗin 2021 tana sauƙaƙa lissafi. Tana nuna kilowat-awa nawa talabijin ke sha a awa 1,000, saboda haka lambar da aka rubuta ita ce wat ɗinsa. Kada harafin F ko G da ke jikinta ya tsorata ku, yawancin talabijin a can ƙasa suke tun da aka tsaurara ma'aunin.

A wuraren da wuta ke yawan ɗaukewa da dawowa, abin da 'yan Ghana suka raɗa wa suna dumsor, dawowar wutar ce ta fi kashe kaya. Sashen da ke karɓar wuta a talabijin mai araha ba shi da juriya sosai, kuma garanti ba ya ɗaukar ɓarnar da wuta ta yi. Kuɗin sitabilaiza, ko 'yar na'urar da ke jinkirta shigar wuta bayan ta dawo, a lissafa shi cikin kuɗin talabijin tun farko. Mazauna Birtaniya su kuma suna da nasu ƙarin: lasisin kallon tashoshi kai tsaye, wanda kuɗinsa na shekara ya kai fam 174.50 a Afrilun 2025, fiye da farashin wasu ƙananan talabijin ɗin.

Garanti, gyara da kayan gwanjo

Haƙƙin mai saye ya danganta da inda yake. A Birtaniya, dokar kare masu saye ta 2015 ta ba da kwana 30 na mayar da kaya mai aibi a karɓi kuɗi cif, kuma shagon da ya sayar ne ke da alhakin, ba kamfanin da ya ƙera ba. A Tarayyar Turai garantin doka shekara biyu ne. A Saudiyya ma Ma'aikatar Kasuwanci ta wajabta shekara biyu a kan kayan lantarki. A Amurka abin da aka saba shi ne shekara ɗaya daga kamfani. Inda doka ba ta da ƙarfi sosai, tambaya ɗaya ta isa: idan ya lalace, ina za a kai shi a garin nan? Sunan da ke da ofishin gyara da kayan canji a kasuwa ya cancanci ɗan ƙarin kuɗi a kan wanda kwantena ɗaya ta kawo shi aka daina jin ɗuriyarsa. Tambayar mai gyaran unguwa wane iri ne yake samun fitilunsa da allunan cikinsa cikin sauƙi ta fi karanta talla goma.

Jabu ma yana nan, musamman mai ɗauke da sunan manyan kamfanoni a farashin da hankali ba zai ɗauka ba. Lambar samfurin da ke kwali, da wadda ke bayan talabijin, da wadda ke cikin saitinsa, dole su zama ɗaya, kuma a same ta a shafin intanet na kamfanin. A tabbatar an rubuta lambar talabijin ɗin a rasit.

Na gwanjo kuwa, tsohon mai tsada na iya fin sabon mai araha kyan hoto, amma fitilunsa sun riga sun ci wani ɓangare na rayuwarsu, kuma ba a san ko nawa ba. A nemi a bar shi a kunne na aƙalla rabin awa kafin a biya, domin wasu matsalolin sai ya yi zafi suke fitowa.

Sabo ne ko na hannu, gani ya kori ji. Ku zuba hotuna a filas ku tafi da su: fari fat, baƙi ƙirin, toka-toka, ja, kore da shuɗi, kowanne ya cika allo, tare da guntun wasan ƙwallo da wani tsohon bidiyo irin wanda ake kallo a gidanku. Farin zai tona ɗigon da ya mutu da kuma tabon shuɗi ko shunayya da ke nuna fitilu sun fara gajiya. Baƙin zai nuna inda haske ke yoyo ta gefe. A kan koren filin ƙwallo, idan kyamara ta juya, za ku ga ko akwai dabbare-dabbare kamar allon ya yi datti. Idan shago bai yarda a buɗe kwali ba, ko ta intanet aka saya, a yi wannan gwaji a ranar da kayan suka iso, a gwada kowane rami da rimot, kuma kada a yar da kwalin sai wa'adin mayarwa ya wuce.